Mashayar Unguwa a Amurka: Tarihin Ƙofar da Doka Ta Kasa Rufewa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. 

Gabatarwa

Duk wanda ya zaga unguwannin biranen Amurka a yau, ko ya leƙa su ta intanet, zai ci karo da wani nau'in shago da ya zama ruwan dare. Ɗan ƙaramin wuri ne mai tebura na katako, da allo a bango an jera sunayen giya iri ashirin ko talatin, galibinsu ƙananan masana'antun garin ne suka dafa su, ga kwalaben giyar inabi a gefe, ga ɗan dandamali a kusurwa inda makaɗi ko mai barkwanci zai hau idan dare ya yi. Mutanen unguwa sun san juna a can, mai shagon ya san sunan kowa.

Hukuncin giya a wurin Musulmi a bayyane yake, ba shi muka zo tattaunawa ba. Abin da ya sa na ga dacewar mu waiwayi tarihin wannan shago shi ne, an taɓa rufe kakanninsa da ƙarfin kundin tsarin mulkin ƙasa har tsawon shekara 13, amma ya dawo da ransa. Alƙur'ani mai girma ya kwaɗaitar da mu a wurare da yawa mu yi tafiya a bayan ƙasa mu dubi yadda al'amarin al'ummai ya kasance, kuma wannan labari yana cikin waɗanda suka cancanci dubawa. Me ya sa al'ummar da ta ɗanɗani cutar giya har ta rubuta haramcinta a babbar dokarta ta kasa rabuwa da mashaya? Amsar tana cikin aikin da mashayar ke yi wa unguwa bayan sayar da abin sha.

Masauƙi, gidan waya da majalisa

Turawan da suka ƙaura daga Ingila zuwa gabar gabashin Amurka a ƙarni na 17 sun taho da al'adar gidan giya. A garuruwansu na farko gini biyu ne kan riga saura: coci da masauƙin baƙi, wanda shi ne kuma mashayar gari. Hasali ma a shekarar 1656 hukumar yankin Massachusetts, duk da tsananin riƙon addinin Kirista da aka san mutanenta da shi, ta ɗora tara a kan garin da bai tanadi irin wannan gida ba. Nan matafiyi ke kwana ya ba dokinsa abinci, nan wasiƙu ke sauka, nan ake karanta jarida da ƙarfi domin wanda bai iya karatu ba, a wasu garuruwa ma nan alƙali ke zaman shari'a kafin a gina kotu. Masu fafutukar ƙwatar 'yanci daga Ingila sun sha ganawa a mashayar Green Dragon da ke Boston, kuma a mashayar Fraunces ta birnin Niyok ne George Washington ya yi ban kwana da hafsoshinsa a watan Disamba na 1783.

Bayan samun 'yanci, manoman masara da ke bayan tsaunuka suka ga ya fi musu sauƙi su mayar da amfanin gonarsu barasar wuski su kai kasuwa da su yi dakon buhuna a kan munanan hanyoyi. Barasa ta yi arha har ta fi shayi sauƙin saye. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa zuwa 1830 abin da kan faɗa wa kowane Ba'amurke da ya kai shekara 15 ya kai galan 7 na tsantsar sinadarin maye a shekara, wato kusan ninki uku na abin da suke sha a wannan zamani.

Kulob ɗin talaka

Daga shekarun 1840 Jamusawa suka fara kwararowa Amurka, suka kawo wata giyar sha'ir mara nauyi da ake sha da sanyinta. Daga cikinsu ne aka sami iyalan da sunayensu suka zama manyan kamfanoni, irin su Pabst da Schlitz da Miller a birnin Milwaukee, da Anheuser-Busch a St. Louis. A shekarar 1873 an ƙirga masana'antun giya 4,131 a ƙasar, kusan kowane gari da tasa.

Da jirgin ƙasa da na'urar sanyaya kaya suka ba manyan kamfanoni damar kai hajarsu nesa, sai gasa ta yi zafi, suka ɓullo da wata dabara. Kamfani zai kama wa mutum shago, ya biya masa kuɗin lasisi, ya ba shi kujeru da madubai da kofuna, bisa sharaɗin ba zai sayar da giyar kowa ba sai tasa. Idan wannan kamfani ya buɗe a kusurwar titi, abokin gasarsa zai buɗe a kusurwar da ke kallonta. Ta haka mashaya ta tashi daga kimanin 100,000 a 1870 zuwa kusan 300,000 a 1900. Da yawansu suna ba da abincin rana kyauta ga wanda ya sayi kofi guda, amma abincin an cika masa gishiri domin ya jawo ƙishirwa.

Ya kamata mai karatu ya kwatanta halin leburan wancan lokaci. Baƙo ne daga Ailan ko Italiya ko Folan, yana aikin awa goma ko sha biyu a masana'anta, yana kwana da iyalinsa a ɗaki ɗaya mai duhu da sanyi. Mashaya kuwa akwai ɗumi da fitila da jarida da ban ɗaki. Can ake canja masa takardar albashi zuwa kuɗi, can wasiƙarsa daga gida ke zuwa, can yake jin inda ake ɗaukar ma'aikata, can yake samun mai jin yarensa. A ɗakin baya ake taron ƙungiyar ƙwadago da bikin aure da zaman makoki. 'Yan siyasa ma can suke sayen ƙuri'a da kofin giya. Shi ya sa aka yi mata laƙabi da kulob ɗin talaka.

Sai dai kuɗin wannan ɗumi wasu ne ke biyansa. Albashin mako yakan ƙare kafin maigida ya isa gida. Mace a lokacin ba ta da ƙuri'a, kuma da wuya doka ta ƙwatar mata haƙƙi idan miji ya dawo a buge ya lakaɗa mata duka ko ya bar yara da yunwa. Caca da karuwanci kuma sun sami mafaka a yawancin waɗannan gidaje, domin mai shago na neman abin da zai cike giɓin bashin kamfani.

Tashin mata da majami'u

Tun a 1826 aka kafa ƙungiyar kira zuwa ga barin barasa a Boston, kuma a 1851 jihar Maine ta haramta sayar da ita. Amma guguwar da ta girgiza ƙasar ta taso ne a watan Disamba na 1873 a garin Hillsboro na jihar Ohio, inda mata suka fito daga coci a cikin tsananin sanyi, suka riƙa durƙusawa a ƙofar mashaya suna addu'a suna roƙon mai ita ya rufe. Cikin 'yan watanni abin ya bazu zuwa ɗaruruwan garuruwa. A 1874 suka kafa ƙungiyar mata Kiristoci masu yaƙi da barasa, wadda ta bunƙasa a ƙarƙashin Frances Willard har ta sa aka shigar da darasin illar giya cikin manhajar makarantu. Wata kuma mai suna Carry Nation, wadda barasa ta kashe mijinta na fari, ta ga addu'a a bakin ƙofa ba ta isa ba; daga 1900 ta fara shiga mashayun jihar Kansas tana farfasa kwalabe da madubai, da farko da duwatsu, daga baya da ɗan gatari.

Wadda ta kai ga gaci ita ce ƙungiyar da aka kafa a Oberlin a 1893, mai suna Anti-Saloon League, ma'ana gamayyar yaƙi da mashaya. Sunan da kansa ya nuna inda ta sa gaba. Jagoranta a fagen siyasa, lauya Wayne Wheeler, yana da manufa ɗaya tal: duk ɗan takarar da ya yi alkawarin jefa ƙuri'ar haramci za a mara masa baya, ko daga wace jam'iyya yake, kuma ko da shi kansa mashayi ne. Mai karatu ya riƙe wannan, domin nan aka shuka abin da aka girba daga baya.

Abu biyu suka share musu hanya. Na farko, harajin barasa ya kasance kusan kashi 30 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, sai aka halatta karɓar harajin kuɗin shigar jama'a a 1913, gwamnati ta sami madadi. Na biyu, Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1917 tana yaƙar Jamus, alhali manyan masu kamfanonin giya jikokin Jamusawa ne, sai shan giyarsu ya zama tamkar rashin kishin ƙasa. Majalisa ta zartar da gyara na 18 ga kundin tsarin mulki a Disamba 1917, jihohi suka kammala amincewa a ranar 16 ga Janairu 1919, doka ta fara aiki ranar 17 ga Janairu 1920.

Shekara goma sha uku

Dokar ta haramta dafawa da sayarwa da safara da shigowa da duk abin sha da sinadarin mayensa ya kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Shan kansa ba ta hana ba, haka nan ajiye abin da mutum ya saya kafin ranar, don haka masu hannu da shuni suka cika ɗakunan ajiyarsu tun da wuri. An kuma bar ƙofofi a buɗe. Likita na da ikon rubuta wa majiyyaci wuski a matsayin magani. An ƙyale giyar inabi domin ibadar coci da ta Yahudawa. An yarda mutum ya matse 'ya'yan itace a gida, sai gonakin inabi na Kalifoniya suka ƙara faɗi, aka riƙa sayar da dunƙulen busasshen ruwan inabi tare da takardar gargaɗi cewa kada a jiƙa shi a bar shi a tulu na kwanaki kaza, domin zai koma giya. Kowa ya gane gargaɗin koyarwa ne.

Jami'an da aka fara ɗauka domin tsare wannan doka a duk faɗin ƙasar ba su wuce 1,500 da 'yan kai ba, ga ƙarancin albashi, ga doguwar iyaka da Kanada, ga jiragen ruwa maƙare da barasa suna jira a teku bayan iyakar ruwan Amurka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Cin hanci ya ratsa 'yan sanda da alƙalai. Shugaban ƙasa Warren Harding yana zuba wa abokan kartarsa wuski a fadar gwamnati. Wani mai suna George Cassiday ya shafe shekara goma yana kai wa 'yan majalisa barasa har ofisoshinsu, kuma a 1930 ya fallasa labarin a jaridar Washington Post.

Tsohuwar mashayar leburori ta mutu, amma wata ta tsiro a gurbinta, wato mashayar ɓoye da ake shiga ta ƙofar baya bayan an faɗi kalmar sirri ta wata 'yar taga. Sunan da suka ba ta, speakeasy, yana nufin a yi magana ƙasa-ƙasa. An ƙiyasta cewa a birnin Niyok kaɗai sun haura 30,000 a ƙarshen shekarun 1920. A nan ne siffar mashayar yau ta fara bayyana. A da wurin maza ne zalla, macen kirki ba ta taka shi. Yanzu samari da 'yan mata na gidajen masu hali suka shiga tare, karya doka ta zama abin burgewa. Kiɗa, wanda a da ɗan ƙari ne, ya zama ginshiƙin kasuwa, domin masu gidajen na gasar jawo jama'a. Kiɗan jaz na baƙaƙen fata ya sami dandali a irin waɗannan wurare. Gidan rawa na Cotton Club da ke unguwar Harlem, mallakar ɗan daba Owney Madden, nan ne Duke Ellington ya yi suna daga 1927, a gidan da baƙar fata ke kiɗa amma ba a barin ɗan'uwansa ya zauna cikin 'yan kallo.

Ribar da a da ke zuwa aljihun kamfanoni da baitulmali ta koma hannun 'yan daba. A Shikago Al Capone ya zama tamkar hukuma. Ranar 14 ga Fabrairu 1929 aka jera mutum bakwai na ɓangaren abokan gabarsa a wani gareji aka harbe su, kuma da aka tashi ɗaure shi a 1931, laifin ƙin biyan haraji aka iya tabbatar masa. Talaka kuwa ya koma shan abin da ya samu. Ana sato sinadarin masana'antu wanda gwamnati ta sa aka gauraya da guba domin hana sha, a tace shi sama-sama a sayar, mutane da yawa suka mutu, wasu suka makance. A 1930 wani gurɓataccen ruwan citta da ake sha domin maye ya shanye ƙafafun dubban mutane.

Adalci ya wajabta mu faɗi ɗaya ɓangaren. Dokar ta rage sha. Binciken masana tattalin arziki ya nuna a farkon shekarun shan ya faɗi zuwa kimanin kashi 30 cikin 100 na yadda yake a da, sannan ya sake hawa zuwa kashi 60 ko 70. Mace-macen ciwon hanta sun ragu, kuma sai a shekarun 1970 Amurkawa suka koma sha daidai da na kafin haramci. Don haka masu cewa doka ba ta da wani amfani ba su yi wa tarihi adalci ba. Abin da ta kasa shi ne ta sa mutane su so ta.

Da tattalin arziki ya karye a 1929, miliyoyi suka rasa aiki, sai aka fara lissafin harajin da ake asara. Mata ma suka rabu biyu, domin Pauline Sabin ta kafa ƙungiyar mata masu neman a soke dokar, tana mai cewa 'ya'yansu na tasowa cikin raina doka. Franklin Roosevelt ya ci zaɓen 1932 da alkawarin sokewa. Giya mara ƙarfi ta dawo ranar 7 ga Afrilu 1933, kuma ranar 5 ga Disamba 1933 aka soke gyara na 18. Har yau shi kaɗai ne gyaran da Amurka ta taɓa sokewa a kundinta.

Daga manyan kamfanoni zuwa ƙananan madafai

Bayan sokewa an bar wa kowace jiha ta tsara nata, har jihar Mississippi ta ci gaba da haramci zuwa 1966. An kuma raba mai dafawa da dillali da mai sayarwa, domin kada kamfani ya sake mallakar mashaya kamar da. A 1935 wasu mashaya biyu da giya ta ɗaiɗaita, Bill Wilson da likita Bob Smith, suka haɗu a garin Akron suka kafa ƙungiyar Alcoholics Anonymous. Maganinsu shi ne zama tare a kai a kai, da amsa rauni a gaban 'yan'uwa, da miƙa lamari ga Ikon da ya fi na ɗan Adam. Wato sun gano mashayi na bukatar wata majalisar da wani abin dogaro kafin ya iya barin tasa.

A wannan shekarar ce kuma aka fara zuba giya a gwangwani. Da firiji da talabijin suka shiga gidaje, jama'a suka ƙaura zuwa sababbin unguwannin bayan gari, sai sha ya koma falo, manyan kamfanoni suka haɗiye ƙanana. Zuwa 1978 masana'antun giya 89 kacal suka rage, kusan dukkansu suna fitar da abu iri ɗaya.

Daga nan sabon yayi ya fara. A 1965 Fritz Maytag ya sayi wata tsohuwar masana'anta mai suna Anchor a San Francisco da ke gab da rufewa, ya farfaɗo da tsohon salon dafawa. A 1976 Jack McAuliffe ya haɗa 'yar ƙaramar madafarsa ta New Albion da tsofaffin tankunan madara. A shekarar ce kuma aka yi wata gasar ɗanɗano a birnin Faris inda alƙalai Faransawa, ba tare da ganin sunan kwalba ba, suka fifita giyar inabin Kalifoniya a kan tasu, abin da ya ɗaga kasuwarta a Amurka. A 1978 shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta dafa giya a gida domin amfanin kai, kuma daga cikin masu gwaji a gareji ne aka sami irin su Ken Grossman da ya kafa Sierra Nevada a 1980. A 1982 aka buɗe wurin farko tun bayan haramci da ake dafawa a kuma sayar a ɗaki ɗaya, a garin Yakima. A 2015 adadin masana'antu ya zarce 4,131 na shekarar 1873, daga baya ya haura 9,000.

Ɗanɗano kaɗai bai isa ya bayyana wannan bunƙasa ba. A 1989 masanin zamantakewa Ray Oldenburg ya yi bayanin abin da ya kira wuri na uku, wato inda mutum ke zama wanda ba gida ba ne, ba kuma wurin aiki ba, ya koka da cewa Amurka ta rasa irinsa. Masu sabuwar mashaya wannan giɓi suka hango. Shi ya sa suke tallar cewa su 'yan unguwa ne, suke shirya daren kacici-kacici da na kiɗa da na barkwanci, suke barin a zo da yara da rana. Kulob ɗin talaka ne ya dawo da sabuwar riga, sai dai yanzu masu matsakaicin hali ne ke cika shi.

Abin da ke cikin kofin kuwa bai sauya ba, wasu daga cikin sababbin giyar ma sun fi na manyan kamfanoni ƙarfi. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta mutuwar kimanin mutum 178,000 a shekara sanadiyyar yawan sha a tsakanin 2020 da 2021. A Janairu 2025 babban likitan gwamnatin ƙasar ya yi gargaɗi kan alaƙar giya da ciwon daji. A wannan shekarar binciken ra'ayi na Gallup ya samu kashi 54 cikin 100 ne kawai na manya ke cewa suna sha, mafi ƙaranci tun da aka fara tambayar a 1939. Ita kanta Anchor da ta fara yayin ta dakatar da aiki a 2023.

Yadda aka yi a Madina

Larabawan Jahiliyya ma suna da tasu mashayar. Mai sayar da giya yakan kafa tuta a kan tantinsa, majalisar sha kuwa ita ce wurin waƙa da alfahari da nuna karimci. Duk da haka an yi shekara 13 a Makka ana gina tauhidi da tsoron ranar hisabi ba tare da an saukar da haramci ba. A Madina aka bi mataki-mataki. Aya ta 219 ta Suratul Baƙara ta bayyana cewa zunubin giya da caca ya rinjayi amfaninsu, sai wasu suka bari. Aya ta 43 ta Suratun Nisa'i ta hana kusantar salla cikin maye, kuma da yake salloli biyar sun rarraba yini, sai lokacin sha ya ƙuntata, jiki ya fara sabawa da rashi. Bayan yaƙin Uhudu ayoyi na 90 da 91 na Suratul Ma'ida suka yanke hukunci, suka kuma ambaci dalili: ƙiyayya da gaba a tsakanin mutane, da shagaltarwa daga ambaton Allah da salla.

Anas ɗan Malik, Allah Ya yarda da shi, ya ba da labarin yana zuba wa wasu sahabbai giyar dabino a gidan Abu Ɗalha sai aka ji mai shela. Nan take aka ce ya fita ya zubar, ta kwarara a lungunan Madina. Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta bayyana sirrin a hadisin da Bukhari ya ruwaito, cewa ayoyin aljanna da wuta ne suka fara sauka har zukata suka karkata ga Musulunci, sannan halal da haram suka biyo, kuma da hana giya aka fara da shi da mutane sun ce ba za su taɓa bari ba.

Akwai kuma abin da ba a cika lura da shi ba. Ranar da aka zubar da tulunan, mutanen ba su rasa wurin zuwa ba. Masallaci na tara su sau biyar a yini, nan ake karatu, nan ake shawara, nan baƙo mara gida ke kwana a rumfar Suffa, ga 'yan'uwantakar da aka ƙulla tsakanin Muhajirai da Ansar. Duk hidimar da mashaya ta yi wa leburan Shikago, masallacin Madina ya riga ya ɗauke ta. Ba mu ce daga ranar ba a sake samun mai sha ba. An sha kawo wani sahabi ana yi masa haddi, kuma da wani ya la'ance shi, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana, ya shaida cewa yana son Allah da ManzonSa. An hukunta shi, amma ba a kore shi daga jama'a ba.

Kammalawa

Amurkawa sun fara da doka, wadda wasu daga cikin masu jefa mata ƙuri'a ba su yi imani da ita ba, suka rufe majalisar talaka ba tare da sun buɗe masa wata ba. A Madina an gyara zuciya, an gina jama'a, sannan doka ta zo ta tarar da mutanen da ke jiranta.

Wannan darasi ya shafe mu kai tsaye. A watan Mayu na 2018 gwamnatin Nijeriya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin bayan an fallasa irin ɓarnar da yake yi wa matasa, musamman a Arewa. Mataki ne mai kyau, amma duk mazaunin unguwanninmu ya san wanda aka raba da wannan kwalba, idan ba shi da aikin yi, ba shi da inda zai zauna a saurare shi, wani abin zai nema. Saurayin da ke zuwa majalisar banza sau da yawa hira da abokai ce ta fara kai shi, shaye-shayen daga baya ya tarar da shi a can.

Musulmi sun taɓa samar wa duniya majalisar da babu maye a cikinta. Sufayen Yaman ne suka yaɗa shan gahawa a ƙarni na 15 domin su raya dare da zikiri, kuma a tsakiyar ƙarni na 16 gidajen gahawa suka buɗe a Santambul kafin Turai ta kwaikwaya. A 2017 wani ɗan asalin Yaman ya buɗe Qahwah House a garin Dearborn na jihar Michigan, yanzu kuma irin waɗannan gidajen gahawa sun bazu a biranen Amurka, suna kaiwa dare a buɗe, matasa Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba suna cika su.

Saboda haka, ɗan'uwa mai karatu, ka dubi unguwarku. Bayan sallar isha'i, idan an kulle masallaci, ina matasa ke tafiya? Akwai ɗakin karatu, ko filin ƙwallo, ko zauren da malami zai zauna da su ya ji damuwarsu ba tare da tsangwama ba? Idan babu, to ku da abokanka za ku iya farawa da tabarma da butar shayi da littafi guda. Allah Ya tsare mu da zuriyarmu daga uwar laifuffuka, Ya shiryi waɗanda aka jarraba da ita, Ya sa majalisunmu su zama masu albarka. Allah ne Mafi sani.